Likita Mila na Zariya da Mutanen Gidansa

Cikin Ayyukan Manzanni sura 16, daga aya 6 zuwa 10, mun karanta yadda Bulus da abokan tafiyarsa suka ƙudura za su yi wa'azi a ƙasar Asiya, aka hana su. Suka juya za su shiga Bitiniya, can ma ba a bar su ba. Sai da suka gangara bakin teku sa'an nan aka nuna musu inda a ke bukatarsu. Domin a ƙara fahimtar wannan wuri, mun ga ya kyautu mu kawo labarin wani mutum wanda ƙafarsa ta taka ƙasarmu, wanda ya yi shekara hamsin yana ƙwanƙwasa ƙofa guda, ba ta buɗu masa ba sai ɗan kaɗan, amma aikinsa ya shiga ta waɗansu ƙofofi da bai nufa ba, har ya iso gare mu nan Azuba, a ƙasar Lafiya. Sunansa Walter Miller, mutanen Zazzau kuwa Likita Mila su ke ce da shi. Duk wanda ya taɓa buɗe tsohon Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda kakanninmu suka koyi karatu a ciki, aikin hannun mutumin nan ya buɗe, ko ya sani ko bai sani ba.

An haife shi a Ingila cikin 1872, a yankin Devon, ya koyi aikin likita a asibitin St. Bartholomew a birnin Landan. A zamanin samartakarsa labarin ƙasar Hausa ya riga ya cika kunnuwan masu bi na ƙasarsu, gama matafiya irin su Barth sun rubuta labarin Kano, da ganuwarta, da kasuwarta, da fatakenta masu zuwa Gwanja da Tarabulus. Mutane suka riƙa tunani, in da Bishara za ta kafu cikin al'umma mai ilmi da fatauci haka, ai su da kansu za su kai ta ko'ina. Waɗansu suka gwada tun kafin Mila. Graham Wilmot Brooke da John Robinson suka zauna Lakwaja cikin 1890 suna shirin shiga Arewa. Robinson ya mutu cikin 1891, Brooke ya bi shi cikin 1892. Cikin 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, waɗanda aikinsu ya zama tushen mishan S.I.M., suka sauka Ikko. Kent ya mutu a Bida, Gowans kuwa ya mutu cikin 1894 a wani gari kudu da Zariya, sunansa Girku. A riƙe sunan garin nan, za mu komo kansa.

Mila ya ba da kansa ga ƙungiyar mishan ta Ekklesiyar Ingila, wadda a ke kira C.M.S. Ba a aike shi Nijeriya kai tsaye ba. Cikin 1899 yana Tarabulus tare da abokansa biyu, Richardson da Dudley Ryder, suna koyon Hausa, domin a can akwai Hausawa da yawa, fatake da alhazai da waɗanda bauta ta ƙetare hamada da su, ga shi kuma zazzaɓin bakin Kwara bai kai can ba. A nan ya gamu da wani yaro Bahaushe, Abdul Majid, wanda hanyar aikin hajji ta biyo da shi garin. Yaron nan ya zama malaminsa na harshe, daga baya kuma ya zama ɗan gidansa na fari. Abin lura ne, tun daga farkon al'amari Hausar Mila daga bakin yaro ta fito, ba daga littafi kaɗai ba, shi ya sa ta yi daɗin ji.

Cikin Janairu 1900 suka tashi daga Ikko su biyar, Bishof Herbert Tugwell ne ja-gaba, sai Mila, da Richardson, da Ryder, da Burgin. Babu jirgin ƙasa zuwa Arewa a lokacin, da ƙafa da doki a ke tafiya, 'yan alaro na ɗauke da kaya. Suka ratsa ƙasar Yarbawa, suka haye Kwara a Jebba, suka iso Zariya, Sarkin Zazzau Kwasau ya karɓe su da mutunci. Amma Kano zuciyarsu ta ke. Cikin Afrilu suka shiga birnin, aka kai su gaban Sarki Alu, suka roƙi izini su zauna, su yi magani, su koyar. Sarki ya ƙi, ya yanka musu 'yan kwanaki su bar masa gari.

An daɗe a cikin littattafan mishan ana ba da wannan labari kamar taurin zuciya ne kawai na sarki. Mu dai muna gani gaskiya ta fi haka faɗi. Ranar 1 ga Janairu na shekaran nan Lugga ya kafa tutar Ingila a Lakwaja, ya ce Arewa duka ta shiga hannun Turawa, ba tare da an tambayi sarakunanta ba. To, bayan wata uku sai ga Turawa biyar a ƙofar fada, sun zo babu gayya. Yaya sarki zai bambanta mai Littafi da mai bindiga, alhali fatarsu ɗaya, harshensu ɗaya, hanyar da suka biyo ɗaya? Bai kuwa yi zato a banza ba, gama cikin Fabrairu 1903 sojan Turawa suka ci Kano da yaƙi. Wannan tuhuma, cewa mishan ɗan saƙon mulki ne, ta bi Mila har ƙarshen ransa, wani lokaci kuwa shi da kansa ya ƙara mata ƙarfi, kamar yadda za mu gani.

Suka komo kudu suka yada zango a Girku, garin da Gowans ya mutu shekara shida da suka wuce. Nan ciwo ya kama Ryder, ya mutu. Richardson ma jiki ya ƙi, aka mai da shi gida. Wuta ta ci masaukinsu. Gwamna Lugga, wanda tun farko bai so tafiyarsu Kano ba, ya ga zamansu ba shi da tsaro, sai cikin 1901 suka ja da baya har Loko, a bakin Binuwai, cikin ƙasar da ta zama Jihar Nasarawa.

Ya kamata mu dakata a Loko, tun da ya ke ƙasarmu ce. Mashigi ne babba a zamanin nan. Ayarin da ya taso daga Kano da Zariya ta Keffi da Nasarawa a nan ya ke saduwa da jiragen ruwa. Ga mutanen da suka fito da niyyar zama cikin birnin Kano, komowa bakin kogi faɗuwa ce ƙarara, sun zama kamar masu jira a ƙofar gida. Amma waɗanda suka taru a wannan ɗan zango sun isa a tuna da su. Akwai G. P. Bargery, wanda daga baya ya shirya babban ƙamus na Hausa da aka buga cikin 1934. Akwai Hanns Vischer, wanda ya bar aikin mishan ya shiga na gwamnati, Hausawa suka sa masa suna Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko cikin 1909 a Nasarawa, watau ta Kano, ba tamu ba. Ga kuma Mila. A iya cewa rubutun Hausa na boko, da ƙamus ɗinta, da Littafi Mai Tsarki nata, masu yin su duk sun taɓa shan ruwan Binuwai a Loko suna jiran hanya ta buɗe. Su kuwa, idonsu na arewa, ba su waiwayi kabilun da ke kewaye da su ba sai kaɗan.

Hanya ta buɗe, amma rabi. Da aka ci Sakkwato cikin Maris 1903, Lugga ya yi alkawari gwamnati ba za ta taɓa addinin Musulunci ba, daga nan kuwa aka tsai da al'ada, mishan ba zai zauna a birnin Musulmi ba sai da yardar sarki. Mila ya komo Girku, cikin 1905 kuma Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi ya yarda ya shigo birni. Aka ba shi wuri a Durumin Maigarke. Shekara ashirin da huɗu mishan ya yi a cikin ganuwar Zariya, abin da ba a sami irinsa ba a Kano, ko Katsina, ko Sakkwato, a wannan zamani. Ya buɗe ɗakin magani, ya buɗe makaranta, ya zauna da malamai suna muhawara. Ya shirya wa gwamna tsarin makarantar da za ta koya wa malamai da 'ya'yan sarakuna karatun boko, aka gwada, ba ta yi nisa ba, domin iyaye sun san abin da ke zuciyar mai makarantar, shi kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Waɗanda suka ba da gaskiya suka karɓi baftisma kaɗan ne ƙwarai. Cikin na fari akwai Malam Fate, mutum mai ilmin Alkur'ani.

Yanzu sai batun gidansa, wanda shi ne zuciyar labarin. Mila bai taɓa aure ba. A ƙasar Hausa kuwa babban mutum marar mata abin mamaki ne, in ba abin zargi ba. Duk da haka gidan Durumin Maigarke bai rasa hayaniya ba. 'Yar'uwarsa, Ethel Miller, ta biyo shi ta zauna, ta ɗauki aikin mata da 'yan mata, inda namiji ba shi da ikon shiga. Ban da ita kuma akwai yara, waɗansu an 'yanto su daga bauta ba su san hanyar garinsu ba, waɗansu marayu, waɗansu iyayensu ne suka kawo su. Ya ci da su, ya tufasar da su, ya koya musu karatu da sana'a, ya hore su da horo mai tsanani, gama ba mutum ne mai sanyin hali ba. Waɗansu suka ɗauki sunansa, zuriyarsu kuma suka ci gaba da amsa sunan Miller, har daga cikinsu aka sami limamin Ekklesiya.

Kada mu ɗauki wannan gida kamar ƙarin alheri ne kawai a gefen wa'azi. Mutumin birni da ya karɓi baftisma a zamanin nan ya kan rasa dangi, da gādo, da wanda zai ba shi 'ya aure, har da wanda zai wanke shi ran da ya mutu. In an ce masa ya bi Yesu ba a ba shi inda zai kwana ba, an ɗora masa kaya ne an janye hannu. Cikin Markus 10:29-30 Ubangiji ya yi wa masu barin gida da dangi saboda shi alkawarin waɗansu gidaje da 'yan'uwa tun a wannan duniya, tare da tsanani. Alkawarin nan ba daga sama ya kan faɗo ba, ta hannun masu bi ya ke cika, sai wani ya buɗe ƙofarsa ya ƙara tuwo. Abin da Mila da 'yar'uwarsa suka yi ke nan. Amma akwai farashi. Yaran da suka girma a gidan Bature suka zama jama'a dabam, Hausawa a harshe da tufafi, baƙi kuwa a idon maƙwabta. Bisharar da aka so ta bazu cikin birni sai ta taru cikin gida ɗaya.

Sau ɗaya aka ga kamar babbar ƙofa za ta buɗe. Tun a tsakiyar ƙarni na 19 an yi wani malami a Kano, Malam Ibrahim, wanda nazarin Alkur'ani ya kai shi ga girmama Annabi Isa fiye da yadda malaman zamaninsa suka yarda. Aka kashe shi a kasuwar Kano, almajiransa suka warwatsu, da yawa suka nufi ƙasar Ningi, aka riƙa ce da su Isawa. Ba su taɓa ganin mishan ba, ba su da Linjila a hannu. Cikin 1913 waɗansu daga zuriyarsu suka zo Zariya wurin Mila suna neman ƙarin bayani. Murna ta kama shi, ya ga amsar addu'ar shekara goma sha uku. Aka samo musu wuri a Gimi, cikin ƙasar Zazzau, suka kafa ƙauye na masu bi, da gonaki, da makaranta, da ɗakin sujada, wani mai bishara baƙar fata daga tsibiran Indiya ta Yamma, W. A. Thompson, yana lura da su. Ashe akwai ƙudan tsando a wurin. Ciwon barci ya shiga ƙauyen, babu kuwa magani mai ƙarfi a lokacin. Mutane suka yi ta mutuwa, manya da yara, likita na gani ba shi da abin yi. Cikin 'yan shekaru Gimi ta watse, aka kwaso waɗanda suka ragu, yawancinsu yara, aka kawo su Zariya, gidan ya ƙara cika da marayu. Ba mu da wani bayani da za mu ba mai karatu a kan dalilin wannan; Ayuba ma da ya tambaya ba a ba shi dalili ba. Abin da za mu iya faɗi shi ne, daga zuriyar Isawan nan Ishaya Audu ya fito, likita, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975.

Ba za mu yi wa mai karatu adalci ba in mun ɓoye aibin mutanen nan. Mila mutum ne mai ƙin zalunci, ba ya iya gani ya yi shiru. Ya riƙa rubuta wa hukuma ƙara a kan abin da ya ke gani na danniya da cinikin bayi a ɓoye, har a kan Sarki Aliyu kansa, wanda ya ba shi masauki. Aka tuɓe sarkin, aka kai shi Lakwaja, can ya rasu cikin 1924. Ko da a ce ƙarar tana da gaskiya, mutanen Zazzau abin da suka gani shi ne baƙo ya sa hannu an tuɓe mai gida, sarki kuma malami, mawaƙi, wanda ba a manta da waƙoƙinsa ba. Zaton da Sarkin Kano Alu ya yi cikin 1900 sai ya zama kamar ya tabbata. Ethel kuma, wajen tsakiyar shekarun 1920, ta buga wata ƙasida mai zafin harshe a kan Annabin Musulunci, wadda ta ɓata ran Musulmi, ta fusata hukuma, ta kuma jawo wa sauran mishan ƙunci. Manzo Bitrus, cikin wasiƙarsa ta fari 3:15, ya umurce mu mu zauna da shirin ba da dalilin begenmu, amma ya haɗa umurnin da tawali'u da ladabi. A ganinmu ta riƙe rabin farko na ayar ta saki na biyun. Mu da mu ke zaune gida ɗaya, kasuwa ɗaya, har ciki ɗaya da Musulmi a ƙasar Lafiya, mun san abin da magana guda marar ladabi ta kan rushe.

Gwamnati ta daɗe tana so mishan ya fita daga cikin birni. Cikin 1929 aka ƙulla magana, aka ƙaura zuwa Wusasa, bayan ganuwa, gindin dutse, ƙarƙashin sabon shugaba, Guy Bullen. Magina Hausawa suka gina majami'a da ƙasa, da bakan gizo irin na soron sarakuna, aka sa mata suna St. Bartholomew, sunan da ya zo ɗaya da na asibitin da Mila ya yi karatu. Aka yi asibiti, aka yi makarantu. Mila bai so ƙaurar nan ba ko kaɗan, a wurinsa barin birni barin aikin ne da ya ba da ransa dominsa. Saɓani ya shiga tsakaninsa da samarin da suka zo bayansa, irin wanda ya raba Bulus da Barnaba cikin Ayyukan Manzanni sura 15. Amma Wusasa ta yi albarka. Daga wannan ƙaramar jama'a R. A. B. Dikko ya fito, likita na fari ɗan Arewa. Da John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East. A nan kuma Yakubu Gowon, ɗan mai bishara daga ƙasar Angas, ya girma, ya zama shugaban Nijeriya daga 1966 zuwa 1975.

Shi kuwa tsohon sai ya tafi Kano, birnin da aka kore shi shekara talatin da suka wuce, domin ya ƙarasa aikin da ya daɗe yana yi da dare bayan an rufe ɗakin magani, watau juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa.

Ba shi ne ya fara ba. Wani Bajamushe, J. F. Schön, wanda ya hau Kwara cikin 1841 tare da Samuel Crowther, ya koyi Hausa, ya yi aiki a Ingila da wani saurayi Bahaushe, Dorugu, wanda Barth ya tafi da shi Turai, har ya gama Sabon Alkawari cikin 1880. Amma Schön bai taɓa zama a ƙasar Hausa ba, fassararsa ba ta kama bakin mutane ba. Charles Robinson, ɗan'uwan wanda ya mutu a Lakwaja, ya fitar da Bishara ta Yohanna da rubutun ajami. Mila ya tsaya a kan boko, ya kuma rinjayi hukuma a kan haka. An yi gardama a kan wannan zaɓi, gama malaman birni da ya ke nema ajami suka iya, boko kuwa abin ƙyama ne a gare su. Amma ga mutanen da ba su da rubutu ko ɗaya, boko ya fi saurin koyo. Ba tare da ya nufa ba, ya zaɓi harufan da suka fi dacewa da mu.

Aikin fassara ba sauya kalma da kalma ba ne. Hausa ta riga ta cika da kalmomin addini da ta aro daga Larabci, irin su Allah, da annabi, da ruhu, da zunubi, da tuba, da alkawari. Kowace tana ɗauke da ma'anar da masallaci ya ba ta. Mai fassara sai ya auna: in ya ɗauke ta, mai ji zai fahimta nan da nan, amma wataƙila ya fahimci abin da ba shi a ke nufi ba, in ya ƙi ta ya ƙago wata, maganar ta zama baƙuwa. Mila da abokan aikinsa suka ɗauki mafi yawansu, suka bar Littafin kansa ya cika su da ma'anarsa. A kan sunan Mai Ceto kuwa suka rubuta Yesu Kristi, ba Isa ba. Fassarar da aka yi daga baya ita ce ta kawo Yesu Almasihu. Bai yi aikin shi kaɗai ba. Akwai J. Lowry Maxwell na mishan S.U.M., da Likita Andrew Stirrett na S.I.M., akwai kuma malamai Hausawa da 'ya'yan gidansa, waɗanda a kunnensu a ke gwada kowace jimla, ko da ya ke ba a rubuta sunayensu a bangon littafin ba. Cikin 1932 ƙungiyar buga Littafi Mai Tsarki ta Ingila ta fitar da shi cikakke, Tsohon Alkawari da Sabo. Wanda ya sami bugun farko zai ga rubutun zamanin, ana sa ch inda mu ke sa c, kalmar littafi kuma da t guda.

To, wa ya karanta shi? Malaman Kano da Zariya, waɗanda dominsu aka yi wahalar, kaɗan ne cikinsu suka buɗe shi. Amma a kudancin ƙasar, inda dokar hana mishan ba ta kai ba, aiki ya riga ya kankama. Mishan S.U.M. da S.I.M. suna kan dutsen Jos, da kudancin Zariya, da bakin Binuwai. A ɓangarenmu reshen S.U.M. na Afirka ta Kudu ya zauna a wurare irin su Keana da Randa. Suka tarar da harsuna barkatai, Eggon, da Mada, da Alago, da Migili, da Gwandara, kowane tudu da nasa, babu mai iya koyonsu duka. Abin da ya gama mutanen nan shi ne Hausar kasuwa. Da littafin 1932 ya fito, sai ya zama littafin karatu a aji, littafin wa'azi ran Lahadi, littafin makarantar masu bishara. Saurayi Eggon ya koyi baƙaƙe a cikinsa, ya saɓa shi a jaka, ya tafi ƙauyen da ba a jin harshensa ya karanta musu, suka gane. Cikin 1955, sa'ad da ekklesiyoyin da suka fito daga aikin S.U.M. suka haɗa kai a Randa, da Hausa suka raɗa wa tarayyarsu suna, Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Sudan. Ubangiji ya faɗa cikin Yohanna 4:37-38 cewa mai shuka dabam, mai girbi dabam. A nan har gonar ma dabam ce da wadda mai shukan ya share.

Wannan ma ba ta rasa nata nauyi ba. Da ya ke Hausa ta wadatar a majami'a, aka yi jinkirin juya Maganar Allah cikin harsunan iyayenmu, tsofaffi mata da yawa suka yi shekaru suna jin wa'azi da harshen da ba su iya ba sai na ciniki, yara kuma suka taso suna zaton addu'a ba ta karɓuwa sai da Hausa. Daga baya aka juya Sabon Alkawari cikin waɗansu harsunanmu, har da Eggon, aikin kuwa ya cancanci a ƙarfafa shi. Ba laifin Mila ba ne. Shi Hausawa ya yi wa fassara, mu muka ara, aron ya daɗe a hannunmu.

Cikin 1935 ya ajiye aikin C.M.S., ya koma Ingila, ya rubuta labarin rayuwarsa. Zaman can bai karɓe shi ba, bayan 'yan shekaru ya komo Nijeriya. Ya ci gaba da rubutu, harshensa kuwa bai yi sanyi da tsufa ba. Cikin 1947 ya fitar da wani littafi wanda sunansa kansa tambaya ce, ko Turawa sun kāsa a Nijeriya, inda ya soki mulkin da ya jingina ga sarakuna ya bar talakawa cikin jahilci da ciwo. Ƙarshen kwanakinsa a Bukuru ya yi su, kusa da Jos, a tsakiyar kabilun da suka rungumi littafinsa, nesa da Zazzau. Ya rasu cikin 1952 yana da shekara 80, aka binne shi a Jos. Ethel ta ci gaba da zamanta a Kano har tsufa, cikin 1959 kuma Kamfanin Gaskiya na Zariya ya buga littafin da ta rubuta na labarin zamanta a ƙasar Hausa.